Maigida Na Nan?

Ranar da Inuwa masunci ya yi sallama a ƙofar gidansa ya nemi maigida, a kan idona aka yi, don haka kada wani ya ba ku labarin da ƙari. Ina zaune a gindin tsamiya ina wasa wuƙa, sai ga shi ya taho daga kogi da hantsi, gora a ka, homar kamun kifi a kafaɗa, wando yana ɗigar ruwa. Ya iso bakin zaurensa, zauren da shi da kansa ya kwaɓa ƙasarsa, sai ya ja ya tsaya yana kallon ƙofar kamar wanda ya sauka garin yau.

"Salamu alaikum," ya ce. "Maigida na nan?"

Matarsa Saude tana ciki tana surfe. Ƙarar taɓarya ba ta bar ta ta gane muryar ba, sai ta ɗaga tata: "Ya tafi kogi tun da safe!"

"To, ba laifi. Bari in jira shi."

Ya sauke gora, ya jingine homa, ya hau dakalinsa ya tanƙwashe ƙafa, ya zuba wa hanya ido.

Ni kuwa abin nema ya samu. Na ajiye wuƙa, na je na durƙusa gabansa. Na ce, "Baƙo, sannu da hanya. Daga Miga ake ko daga Haɗeja? In wurin mai gidan nan ka zo, ka toshe hanci tun yanzu, don ƙarninsa yakan riga shi isowa."

Ya ci gaba da kallon hanya. Ana haka Saude, mace mai kirki, ta ciko ƙwarya da ruwa don baƙo. Ta miƙo ta bayan asabari, ta ɗan leƙo don ta ga wane ne, sai ta yi ido huɗu da mijinta. Ƙwarya ta kife a ƙasa. Kafin azahar labari ya isa bakin rijiya, kafin la'asar ya haye kogi.

Sunana Haruna, mahauci ɗan mahauci, a nan Guri. Ɗan bokon da nake rubutu da shi a ajin yaƙi da jahilci na tsinta da tsufana. Danga ɗaya ce tsakanin gidana da na Inuwa, kuma ta tsufa, har in ya yi atishawa ni nake yi masa addu'a. Kowa ya san tsakanin mahauci da masunci sai wasa. Gado muka tarar, ba mu muka ƙago ba. Shi ya ce mini sarkin ƙuda, ni in ce masa mai ƙarni, tun muna yara ba wando. Ban taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba sai ranar nan, kuma shi ya sa dariyar ta tsaya mini a wuya.

Sunansa na yanka Muhammadu, sunan kakansa na wajen uba. Uwarsa ba ta iya faɗa don kunya, aka sakaya shi da Inuwa yadda aka saba. A ruwa ya tashi. Wanda bai san ƙasarmu ba sai in gaya masa, masuncinmu ba ya jiran jirgi. Kifa ciki yake yi a kan ƙaton gora, ya yi ta tuƙi da hannu da ƙafa kamar kwaɗo, in homarsa ta kama ya jefa kifin ta bakin goran. Na Inuwa na ubansa ne, ya yi baƙi don tsufa, da ɗinki a gefe guda. Ni dai ban taɓa ganin ya shafa kan 'ya'yansa yadda yake shafa goran nan ba.

A shekarar babbar ambaliya, wadda ta cinye shinkafar fadama ta bar mu da kallo, goran ya kufce masa a tsakiyar kogi, igiyar tarun wani ta naɗe masa ƙafa a ƙarƙashin ruwa. Ya daɗe kafin a ciro shi. Ya amayar da rabin kogi, ya miƙe da ƙafarsa, abin da ya fara tambaya shi ne goransa. Kowa ya ce Allah ya kiyaye, aka watse. Ya ci gaba da zuwa kogi, mu kuma muka manta. Bayan 'yan makonni aka yi sallamar nan.

Da yammacin ranar na same shi a bayan danga yana juya tafin hannunsa kamar mai taya kaya a kasuwa.

Na ce, "Mai ƙarni, maigidan ya dawo kuwa?"

Ya ce, "Haruna, zauna." Da ya kira ni da sunana na san akwai magana. "Ba hauka nake ba. Na san gidana ne. Na san ni ne. Bakina ne ya yi sallamar, ina jinsa daga nesa, kamar mai magana cikin tulu. Amma da ta ce ya tafi kogi, wallahi sai na ji ta fi ni gaskiya."

"Kamar yaya?"

"Ranar da igiyar nan ta kama ni, ban ji tsoro ba. Sai na ga kamar ina can sama ina kallon wani bawan Allah yana shure-shure, har ina tausayinsa. To, an ciro shi, ni ban gama saukowa ba. Hannun nan, na san nawa ne, ga tabon ƙugiya, amma kamar aro aka ba ni. In ci tuwo, ciki ya cika, amma wani ne ya ci. Wani yini abin ya sake ni, wani yini ya dawo." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na zama sunana, Haruna. Inuwar ce ta rage."

Na buɗe baki in ce inuwa ba ta ƙarni, sai na ga idonsa, na haɗiye.

Washegari Sarkin Ruwa Umara ya aiko aka ɗauke goran. Ba mugunta ya yi ba, dattijo ne da ya binne masunta da yawa. Ya ce mutumin da ke jiran kansa a dakali ba zai bar shi ya hau ruwa ba. Ya rataye goran a zaurensa, ya ce sai bazara, ranar da za a buɗe tafkin bayan gari a yi su, wato kamun kifin gayya. In ya ga Inuwa ya dawo daidai, ya sauke masa kayansa. In bai gani ba, gora ya koma hannun ƙaninsa, shi kuma ya nemi wata sana'a a tudu. Na ce ina neman mai kore mini ƙuda a rumfa, in yana so. Ba wanda ya yi dariya.

To, daga nan gari ya shiga lallaɓa shi kamar ƙwai. In ya doso majalisa a rage murya. Wanda bai taɓa gaishe shi ba ya durƙusa yana "Ya jiki, Malam Inuwa?" Yara aka hana su wucewa ta ƙofarsa da gudu. Saude ta daina yi masa faɗan jiƙa mata tabarma, ita da faɗan nan ya fi kiran salla zuwa a kan lokaci. Ni ma matata Yelwa ta kafa mini doka: in na ƙara tsokanarsa, in nemi mai yi mini tuwo. Na shiga gaishe shi da ladabi, bakina yana ƙaiƙayi. Shi kuwa ba ruwa, ba aiki, sai zama a dakali da cin goro da kallon hannu. Kullum ƙara nisa yake.

Magani kam an nema. Liman ya yi masa rubutu, ya sha, ya ce masa ya riƙe zikiri, kuma shi bai ga alamar aljani a nan ba. Wata goggonsa ba ta yarda ba, ta zo da turare ta turnuƙe ɗakin har kaji suka yi hijira. Inuwa ya fito yana tari, ya ce yanzu wani yake kallo yana tari.

Da zan tafi Haɗeja sayen tumaki sai na ja shi muka biya wani ɗakin shan magani. Malamin asibitin ya duba harshe, ya ja fatar ido, ya ce, "Ina ke maka ciwo?"

"Babu inda ke mini ciwo."

"To me ya kawo ka?"

"Ba na jin ni ne."

Malamin ya dube ni, ya dube shi. "To wa ya zo?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tambayar da muka taso tun daga Guri mu yi maka ke nan."

Ya yi dariya, amma mutumin kirki ne. Ya sa Inuwa ya ba shi labarin igiyar tun daga farko. Ya ce ya taɓa ganin irin wannan ga wasu sojojin da suka dawo daga yaƙin ƙasar Bama, mutanen da suka leƙa lahira suka dawo. Ya ce ba hauka ba ne, don mahaukaci ba ya zuwa da ƙafarsa ya ce abu ya canja masa. Ya ce ya rage goro, ya riƙa barci, kada ya zauna da yunwa. Da yake ba a fita wurinsu hannu wofi, ya kaɗa masa gishirin Ingila na wankin ciki ya shanye.

Hanyar dawowa kuwa, babu sabarar da Inuwa bai gaisa da ita ba. Ni da tumaki muna ta tsayuwa. A karo na ban san nawa ba ya fito daga bayan wani kurmi yana ɗaure wando, gumi sharkaf, ya ce, "Sarkin ƙuda, yau kam na tabbata cikin nan nawa ne."

Na ji daɗin sunan nan fiye da cinikin tumakin. Amma da cikin ya lafa, abin ya dawo.

Wadda ta gane bakin zaren ita ce Ya Gumsu, tsohuwa mai bandar kifi a ƙarshen unguwarmu. Babarbariya ce, iyayenta daga bakin Chadi suka zo da ita, hayaƙin banda ya mai da idonta ja kamar gauta. Wata safiya ta wuce ta same ni ina rusunawa ina "Malam Inuwa, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?" Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Kai ɗan fawa, yaushe ka zama liman?"

Na ce, "Ya Gumsu, ba shi da lafiya ne."

"Shi ya sa kuka taru kuka yi masa ta'aziyyar kansa?" Ta juya wajensa. "Muhammadu!"

Ya zabura. Tun ranar suna ban ce an kira shi da wannan ba.

"Ƙafarka ina take?"

"Ga ta, Ya Gumsu."

"Ban ce ka nuna mini ba. A kan me take?"

"Ƙasa," in ji shi.

"Sanyi gare ta ko ɗumi?"

Sai da ya murza yatsunsa a cikin rairayi. "Sanyi. Da ɗan tsakuwa a ƙarƙashin dunduniya."

"To wa tsakuwar ke soka, ni?" Ta zauna a dakalin ba a ce ta zauna ba. Ta ce tana budurwa jirginsu ya kife da ita da yayarta, ita kaɗai ta fito. "Na daɗe ina kallon wata yarinya tana tuƙa tuwo da hannuwana. Ban gaya wa kowa ba, don kada a ɗaure ni a turu. Ɗana, abin nan karen maƙwabta ne. Ka gudu ya bi ka, ka tsaya ya shinshina ka ya wuce. Kai kuma ka zauna kana buɗe tukunya kowane lokaci kana duba ko ka dawo. Tukunyar da ake yawan buɗewa ba ta nuna."

"Ya tafi, naki?" in ji Inuwa.

"Yakan leƙo, in na gaji ko an yi mutuwa. In ce masa sannu, ina da aiki." Ta miƙe. "Gobe da safe ka zo ka fafe mini tarwaɗa. An hana ka ruwa, ba a hana ka kifi ba. Kai kuma," ta nuna ni da baki, "bakin nan naka marar linzami yau ya yi rana. Kullum safiya ka tsaya a ƙofar nan ka tambaya ko maigida na nan. Kai kuma Muhammadu ka faɗa masa gaskiya, ko mece ce."

Na je na gaya wa Yelwa cewa yanzu tsokana umarnin likita ce.

Haka muka ci sanyin shekarar nan. Da gari ya waye in tsaya a bakin zaure in kwaɗa sallama yadda duk unguwa za ta ji: "Salamu alaikum! Maigida na nan?" Ran da ya tashi daidai ya ce, "Yana nan, ƙuda ya kawo ka?" Ran da abin ya taso masa ya ce, "Ya ɗan fita, amma ya bar takalminsa." Wani lokaci, "Yana bakin hanya." Da farko Saude takan ji haushi, daga baya ita ma ta gane amfanin abin. In ta ji an ce ya fita, ba ta kuka, sai ta ɗora masa tulu ta ce randa ba ruwa. Ranar da ta dawo da faɗan tabarma, Inuwa ya leƙo ta kan danga yana murmushi kamar an yi masa bushara.

A wurin Ya Gumsu yakan wuni hannu cikin ruwan sanyi da santsin kifi, ƙayar tarwaɗa tana tuna masa yatsun na wane ne. Ta ba shi busasshiyar citta ya riƙa sawa a aljihu maimakon goro. In ya ji abin na tahowa, ya gatsa, ya kira kansa da sunan yanka, ya faɗi abin da ƙafarsa ke takawa da abin da hancinsa ke ji, ya ci gaba da abin da yake yi. Na taɓa jin sa a bakin kasuwa yana gunaguni: "Muhammadu, ƙafarka a kan kashin jaki take, ɗumi gare shi." Na ce Allah ya ƙara lafiya.

Ba zan ce muku ya warke tas ba. Akwai makon da ya kwanta bai amsa sallamata ba sam, bayan an ciro gawar wani makiyayi daga kogi. Na yi ta zagin masunta kakanni da jikoki ta kan danga har na gaji. Sai can ya ce, da wata ƙaramar murya, "Ka bari, yana jinka." Shi ma amsa ce.

Bazara ta zo, ruwa ya ja baya, aka sa ranar su. Tun da hantsi bakin tafki ya cika: masunta daga ƙauyuka da goruna da homa, makaɗa, mata masu fura, da mu 'yan kallo. Ba mai taɓa ruwan sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Yana tsaye a bakin gaɓa, goran Inuwa a gabansa, ƙanin Inuwa a gefe yana ta kallon sama kamar abin bai dame shi ba.

Sarkin Ruwa ya ce, "Inuwa, abin nan ya tafi?"

Na yi ta ƙifta masa ido ya ce e. Kalma ɗaya ce, ba wanda zai buɗe ƙirjinsa ya duba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, bai tafi ba. Yana zuwa. Amma yanzu na san takunsa, kuma in ya zo ba ya hana hannuna aiki."

Dattijon ya shafa gemu. "Da ka ce ya tafi, da ban yarda ba. To, za ka shiga, amma sai da wani a kusa da kai, ni kuma ina kallo daga jirgi. In na ga ka saki homa ka zuba wa ruwa ido, magana ta ƙare." Ya dubi masunta. "Wa zai tsaya masa?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Su na rana ɗaya ne a shekara, wa zai bar rabonsa ya yi gadin wani? Ni kuma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kai, masunta! Ashe ƙarnin ne kawai, ba zuciya? Ruwan da bai wuce ƙirji ba, ko mahauci ai ya shiga!"

Sarkin Ruwa ya ce, "Madalla. Tuɓe riga."

Aka buga ganga, aka auka. Ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba sai ran nan. Taɓo yana tsotsar ƙafata, wasu abubuwa suna gogar cinyata, ina bin goran Inuwa ina karanto duk addu'ar da na sani. Shi kuwa da cikinsa ya taɓa goran ubansa sai ya zama wani kwaɗo sabo. Ya kifa homa ya ɗago da karfasa, ya sake ya ɗago da tarwaɗa.

Muna isa tsakiya, inda ruwan ya fi zurfi, sai na ga tuƙinsa ya yi sanyi. Kiɗa, ihu, rana tana walƙiya a kan ruwa. Idonsa ya tafi can, irin tafiyar da na sani. Homar ta fara kwantawa. Na waiga, jirgin Sarkin Ruwa ya juyo kanmu.

Na matsa na ce a hankali, "Maigida na nan?"

"Ya fita," in ji shi, da muryar cikin tulu.

"To ka aika a kira shi, ga dattijo nan tafe!"

"Yi mini shiru." Ya laluba ƙugunsa, ya ciro citta ya gatsa. Na ji yana cewa, "Muhammadu, cikinka a kan gora yake. Ɗinkin baba yana sukar haƙarƙarinka. Ruwan sama-sama ɗumi, na ƙasa sanyi. Hancinka kuma," ya ɗan juyo, "warin mahauci." Hannunsa ya ƙara damƙe homa, ya kifa ta, ya ɗago. Ba komai a ciki sai ciyawa, amma ya sake kifawa.

Daɗi ya kama ni, na ce bari ni ma in nuna wa masunta aikin ba wuya. Na ji wani kifi mai taushi, mai ƙiba, ya lafe a ƙafata. Na sunkuya na cafke shi da hannu biyu.

Jama'a, minjirya ce. Wanda bai taɓa kama ta ba, Allah ya sa ya mutu bai kama ba. Wani abu ya tsarga mini daga yatsu har ƙeya, kamar an sare ni da gatarin aradu. Na kurma ihu, ƙafafuna suka ce ba su san ni ba, na nutse. Abin da na sani kawai, wani hannu ya shaƙo wuyana ta baya, ya ɗago ni, ya kifa ni a kan gora kamar buhun gero. Inuwa ne, yana iyo da hannu ɗaya, yana tura ni gaɓa, homarsa a haƙora. Wandona kuwa yana can wurin minjirya har yau.

Sarkin Ruwa ya iso yana dariya har rawaninsa ya kwance. Ya ce, "Inuwa, gora naka ne. Wanda na hana ruwa daga yau shi ne wannan."

Muna gaɓa, an rufa mini zanen wata mai fura, ina kakkarwa, na ce, "To, ai ka ga amfanina. Ihuna ne ya dawo da kai."

Ya ce, "Ina! Lokacin ban gama dawowa ba. Ina can sama ina kallon wani masunci yana ceton wani wawa, na ce Allah ya ba shi lada." Ya juya ya koma ruwa, don su bai ƙare ba.

Yau shekaru ke nan. Inuwa yana nan yana hawa goransa, furfura ta fara fito masa, citta ba ta rabuwa da aljihunsa. Abin yakan leƙo shi jefi-jefi, ya ce masa sannu, yana da aiki. Ya Gumsu ta rasu, Allah ya jiƙanta, kuma na ga yadda wani saurayi da rijiya ta rufta da shi aka ciro shi yake yawan zuwa fafe kifi wurin Inuwa, suna 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Ban tambaya ba.

Amma bari in koma washegarin sun nan. Na tashi jikina duk tsami, Yelwa ba ta yi mini magana saboda zancen wando ya riga ni isa gida. Ƙamshin farfesun tarwaɗa yana tsallako danga. Na lallaɓa na tsaya a bakin zaure, na gyara murya.

"Salamu alaikum! Maigida na nan?"

Shiru. Sai ƙarar cokali a kwano. Gabana ya ɗan faɗi, na ƙara ɗaga murya. "Na ce maigida na nan?"

Sai na ji shi daga tsakar gida, baki cike da kifi: "Yana nan daram. Amma ya ce in mahauci ne, a ce masa ba ya nan."